Rangwamen Haraji ga Attajirai da Arzikin Jama'a: Shaidar Riruwai

Duk lokacin da aka tashi gyara dokar haraji a Najeriya, akwai wata hujja da ba ta rasa mai ɗauko ta. Cewa ake yi a sassauta wa manyan kamfanoni da masu hannu da shuni, tunda su ne masu jari. Idan aka bar musu kuɗinsu, in ji masu wannan ra'ayi, za su kafa masana'antu, su ɗauki ma'aikata, albashi ya shiga kasuwa, har mai tuyar ƙosai a bakin tasha ta ga canji, daga baya kuma gwamnati ta tara fiye da abin da ta yafe. A kan wannan tunani aka gina dokar hutun haraji ga sababbin masana'antu tun 1952, zamanin Turawa, aka sabunta ta a 1958 da 1971. An sake jin amonsa a muhawarar da ta kai ga dokokin haraji huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025.

Hujjar tana da daɗin ji, kuma ba duk masu kawo ta ne 'yan amshin shatan attajirai ba. Akwai masana tattalin arziki na gaske a cikinsu. Sai dai irin wannan magana da abin da ya faru a ƙasa ake auna ta. Matsayin wannan maƙala shi ne, rangwamen da aka yi wa mai kuɗi don kawai yana da kuɗi, babu wani sharaɗi a kansa, yana ƙara masa arziki, amma ba ya kawo wa jama'a aikin yi ko abin hannu da zai kai abin da baitulmali ya rasa. Zan kafa hujja da binciken da aka yi a ƙasashen da suka gwada wannan hanya. Amma daga gida zan fara, daga Riruwai, domin garin ya daɗe a ƙarƙashin tsarin da ya sauƙaƙa wa mai jari ya tsananta wa talaka, kuma sakamakon yana nan a fili ga duk wanda ya je.

Kuza ta fita, me ya saura?

Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, tana can ƙuryar kudancin jihar Kano cikin duwatsu, bayan an wuce Kwanar Dangora da Tudun Wada an ratsa dajin Falgore. Duwatsunta suna ɗauke da kuza da tutiya da kolumbait. Tun kafin zuwan Bature mutanen wurin suna haƙo kuza, su narka ta, su zuba ta sirara-sirara, fatake su kai ta kasuwanni. Ganin wannan ƙarfe a hannun fatake ne ya sa Kamfanin Neja ya tura masu bincike zuwa ƙasar Bauchi da tsaunukan Jos a farkon shekarun 1900. Ba a daɗe ba kamfanonin da aka yi wa rajista a Landan suka raba filayen kuza a tsakaninsu, sana'ar narka ta gargajiya kuma ta mutu.

Sharuɗɗan da aka yi wannan haƙa a kansu su ne abin dubawa. Lokacin da gwamnatin Birtaniya ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja ranar 1 ga Janairun 1900, ban da diyyar da ta biya shi, ta yi masa alƙawarin rabin duk kason da hukuma za ta karɓa daga ma'adinai har tsawon shekara 99, a yankin da ya tashi daga kogin Kwara zuwa wani layi da aka ja daga Yola zuwa Zinder. Riruwai tana cikin wannan yanki. Wato ko ɗan abin da kamfanonin haƙa suka biya, rabinsa aljihun wani kamfani yake shiga. Sai wajen 1950 gwamnati ta biya fam miliyan ɗaya ta fanshi wannan haƙƙi daga UAC, magajin Kamfanin Neja. Harajin ribar kamfanoni kuwa ba a kafa masa doka ta kansa a Najeriya ba sai 1939, bayan kusan shekara talatin ana kwasar kuza.

Talaka bai sami wannan jinkiri ba. Kano ta faɗa hannun Turawa a 1903, zuwa 1906 an riga an shimfiɗa dokar karɓar kuɗin ƙasa ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai. Manomi yana biyan haraji, makiyayi yana biyan jangali, kuma da kuɗin Bature ake so a biya. Wannan buƙata ta tsabar kuɗi ita ce ta riƙa tura samari zuwa ramukan kuza da rani, su yi lebura na 'yan makonni su haɗa kuɗin haraji su koma gida. Bill Freund, a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Najeriya, ya nuna yadda harajin talaka ya zama hanyar samar wa kamfanoni ma'aikata masu arha. Da Japan ta kama Malaya a yaƙin duniya na biyu, Birtaniya ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai aka koma aikin tilas: daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa zuwa filayen kuza, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta.

Idan har sauƙaƙa wa mai jari yana gangarowa ga jama'a da kansa, filayen kuza ne ya kamata su zama abin misali, domin da wuya a sami mai jarin da aka sauƙaƙa wa kamar waɗancan kamfanoni. Najeriya ta yi shekaru tana cikin manyan masu fitar da kuza a duniya, a shekarun 1950 kuma ita ce kan gaba a kolumbait. Ribar ta tafi ga masu hannun jari a Ingila. Ko masana'antar narka kuza ba a kafa a ƙasar ba sai bayan samun 'yancin kai, a Jos, farkon shekarun 1960.

Bayan 'yanci an sake gwadawa. A shekarun 1970, da hannun Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Najeriya wadda aka kafa a 1972, aka soma aikin haƙa ta ƙarƙashin ƙasa a Riruwai don bin jijiyar kuza da tutiya mai tsawon kusan kilomita biyar. Aikin bai ɗore ba. A shekarun 1980 ya tsaya, farashin kuza kuma ya rushe a kasuwar duniya cikin Oktoban 1985, lokacin da majalisar da ke daidaita farashinta ta kasa biyan basussukanta. Abin da ya saura shi ne gine-ginen da aka bari, da ramuka, da ƙananan masu haƙa da diga da shebur, maza da mata suna wanke ƙasa suna sayar wa dillalai.

Akwai darasi a yadda aikin ya fara da yadda ya ƙare. Abin da ya kawo kamfani Riruwai kuza ce da ke cikin dutse, abin da ya kore shi kuma farashi ne. Haraji bai kawo shi ba, bai kuma kore shi ba. Masana'antar saƙa tana iya tashi daga wannan ƙasa ta koma waccan, amma dutsen Riruwai ba ya ƙaura. Duk da haka dokar ma'adinai ta 2007 ta ba mai lasisin haƙa hutun haraji na shekara uku, ana iya ƙara masa biyu, ta kuma yafe masa kuɗin fito a kan injinan da ya shigo da su. Yafe wa mutum haraji don ya zo wurin da ko ba a yafe ba zai zo kyauta ce kawai daga aljihun jama'a.

Abin da gwaji ya nuna a waje

Amurka da Birtaniya ne suka fi kowa gwada wannan hanya, kuma suna da alƙaluman da za a iya bi. Margaret Thatcher ta sauke harajin masu babban samu daga kashi 83 cikin ɗari zuwa 60 a 1979, sannan zuwa 40 a 1988. Ronald Reagan ya sauke nasa daga 70 zuwa 50 a dokar 1981, sannan zuwa 28 a dokar 1986. Magoya bayansa suna nuna bunƙasar da aka samu a tsakiyar shekarun 1980. Amma a waɗannan shekarun ne babban bankin Amurka ya sassauta kuɗin ruwa bayan ya murƙushe hauhawar farashi, gwamnati ta zuba kuɗi a harkar soja, bashin tarayya kuma ya kusa ninkawa uku. Shi kansa Reagan ya sa hannu a ƙarin haraji a 1982 da 1984 don toshe giɓin. Bill Clinton ya ɗaga harajin manya zuwa kashi 39.6 a 1993, aka yi ta hasashen durƙushewa, sai ga shi shekarun da suka biyo baya sun zama na bunƙasa da rarar kasafi. Wannan ba ya nufin ƙarin haraji ne ya kawo bunƙasar. Yana nuna cewa labarin ƙasa ɗaya a shekaru goma ba ya yanke hukunci, ko ta wane ɓangare.

Shi ya sa aikin David Hope da Julian Limberg yake da nauyi. Sun tattara bayanan ƙasashe 18 masu arziki na tsawon shekara hamsin, daga 1965 zuwa 2015, suka ware duk lokacin da wata ƙasa ta yi wa attajirai babban rangwame, suka kwatanta ta da takwarorinta da ba su yi ba. Sakamakon, wanda ya fara fitowa a 2020, shi ne kason kuɗin shiga da ke tafiya ga kashi ɗaya cikin ɗari na sama yana ƙaruwa, amma ba a ga wani tasiri na a-zo-a-gani a kan bunƙasar tattalin arziki ko rashin aikin yi ba. Owen Zidar, a bincikensa na 2019 kan jihohin Amurka, ya tambayi wane ne aka yi wa rangwamen, ya gano cewa ƙarin ayyukan yi yana biyo bayan sauƙin da aka yi wa kashi 90 na ƙasa ne, tasirin sauƙaƙa wa kashi 10 na sama kuwa ɗan kaɗan ne. Hatta Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ba a san shi da adawa da masu jari ba, ma'aikatansa sun fitar da rahoto a 2015 da ya nuna cewa idan kason masu kuɗi ya ƙaru bunƙasa tana ɗan raguwa a shekaru biyar na gaba, idan na matalauta ya ƙaru tana ƙaruwa.

Gwaje-gwajen baya-bayan nan ba su canja hoton ba. Jihar Kansas ta zabge haraji a 2012 ƙarƙashin Gwamna Sam Brownback, kasafin makarantu da hanyoyi ya shiga halin ni-'yasu, majalisar da jam'iyyarsa ke da rinjaye a cikinta ta soke yawancin rangwamen a 2017. A Birtaniya, gwamnatin Liz Truss ta sanar da soke harajin kashi 45 na manya ranar 23 ga Satumban 2022, darajar fam ta faɗi, kuɗin ruwan bashin gwamnati ya haura, kafin wata guda Truss ta sanar da murabus.

Dokar Donald Trump ta 2017 ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin a nan ne masu goyon bayan rangwame suke da abin riƙewa. Ta sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21, Fadar White House kuma ta yi alƙawarin cewa matsakaicin gida zai sami ƙarin aƙalla dala 4,000 a shekara. Bitar da Gabriel Chodorow-Reich da Zidar da Eric Zwick suka yi a 2024 ta tabbatar da cewa jarin kamfanoni ya ƙaru da kusan kashi 11 cikin ɗari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma adalci ne a faɗe shi. Amma ƙarin albashin da suka ƙiyasta bai wuce kusan dala 750 a shekara ga ma'aikaci ba, kuɗin shigar gwamnati daga kamfanoni kuma ya faɗi ƙwarai, bunƙasar ba ta biya giɓin ba. Sun kuma lura cewa ɓangaren dokar da ya fi jawo jari a kan kowace dala da aka yafe shi ne wanda ya ɗaure sauƙin da sayen sababbin injina. Sauke harajin riba gaba ɗaya yana saka wa kamfani ne har a kan jarin da ya riga ya zuba tun da daɗewa.

Dalilin da ya sa ba ya gangarowa

Dalili na farko yana cikin yadda mutane suke kashe kuɗi. Manomin masara a Doguwa da ya sami rarar naira dubu hamsin, kafin mako ya zagayo ta zama taki, ko kuɗin makaranta, ko kwanon rufi, ko ɗan akuya. Kuɗin ya shiga hannun mai shago da tela da magini da ɗan acaɓa, su ma su kashe a nan. Attajirin da aka bar wa naira biliyan ɗaya ya riga ya ƙoshi. Zai iya kafa masana'anta, haka ne, amma zai iya sayen dala ya ajiye, ko fili a Abuja, ko gida a Dubai ko Landan, ko takardun bashin gwamnati masu kuɗin ruwa mai tsoka. A ƙasar da darajar kuɗinta take zubewa, waɗannan hanyoyi sun fi masana'anta kwanciyar hankali, kuma babu abin da ya tilasta masa ya zaɓi mai wahala. Na ƙarshen ma ya fi ban takaici: gwamnati ta yafe masa haraji, ta rasa kuɗi, ta dawo ta ranci kuɗin nan a wurinsa da ruwa.

Na biyu, haraji ba shi ne abin da ya fi hana jari a ƙasar nan ba. Binciken da Bankin Duniya ya yi wa kamfanonin Najeriya a 2014 ya nuna cewa rashin rance da rashin wutar lantarki da cin hanci ne suke kan gaba a koke-kokensu. Duk wanda ya san Bompai da Sharada da Challawa ya san masana'antun da suka rufe tun daga shekarun 1980 ba mai karɓar haraji ne ya rufe su ba. Wuta ce babu, man janareta ya yi tsada, faɗuwar naira bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ta sa kayan gyara sun gagara, atamfar fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari. Kamfanin da ba ya cin riba, hutun harajin riba bai amfane shi da komai ba. Ga misali kusa da gida: masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa, kuma babban dalilin shi ne rashin isasshen tumatir a farashin da ya yi wa manomi da kamfani daidai, ga tsutsar da ta cinye gonaki a shekarar da aka buɗe ta. Jarin attajiri mafi kuɗi a Afirka ya tsaya yana jiran ƙaramin manomi.

Na uku, abin da aka yafe wa wani, wani ne zai biya. Ko dai a ƙara harajin kayan masarufi, kamar yadda aka ɗaga VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, ko a ci bashi, ko a buga kuɗi farashi ya tashi, ko a bar asibiti babu magani. Kowace daga cikin waɗannan talaka ta fi dannewa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa harajin da aka tara a 2021 a kan kashi 10.86 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ta samar, ƙasa da matsakaicin Afirka. Ita ce kuma ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kusan miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. A irin wannan hali kowace naira da aka yafe tana da mai ita. Ƙungiyar ActionAid ta ƙiyasta a 2016 cewa hutun haraji na shekara goma da aka ba kamfanin iskar gas na NLNG ya jawo wa ƙasa asarar dala biliyan 3.3. Gas ɗin kuwa, kamar kuzar Riruwai, babu inda zai tafi.

Akwai kuma abin da ya bambanta mu da Amurka. Can ana gardama ne a kan sauke harajin da attajirai suke biya. A nan yawancinsu ba su fara biya ba tukuna. Lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya ƙaddamar da shirin bayyana kadara don biyan haraji a Yunin 2017, ya ce mutum 214 ne kacal a duk Najeriya suke biyan harajin naira miliyan 20 ko fiye a shekara, kuma dukkansu a Legas suke. Babu ko ɗaya a Kano, cibiyar kasuwancin Arewa. Malamin firamare a Kiru kuwa tun kafin albashi ya iso hannunsa an cire nasa. Idan barin kuɗi a hannun masu kuɗi yana haifar da masana'antu, an daɗe ana barinsa.

Tiga da 1979

Abin da ya canja rayuwa a kudancin Kano da kuɗin jama'a aka yi shi. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, daga gare ta aka ja magudanan da suke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Aikin yana da nasa illoli: an tashi ƙauyuka, ruwan da yake isa fadamun Hadeja da Nguru ya ragu. Amma shekara hamsin ke nan dubban iyalai suna noman rani na shinkafa da alkama da tumatir da albasa, injinan casar shinkafa da 'yan dako da direbobi suna cin abinci a bayansu. Babu attajirin da zai gina Tiga don kansa, domin ribarta a warwatse take a hannun mutane da yawa. Ita kanta masana'antar Kadawa ruwan Tiga ta biyo. Dukiya ma haka take da wannan ruwa: komai cikar dam, ba ta isa gonar kowa sai an yanka mata magudana, haraji kuma shi ne magudanar.

Kano tana da nata tarihin rangwamen haraji, sai dai ga talaka aka yi shi. Soke haraji da jangali yana cikin abin da Malam Aminu Kano da NEPU suka yi ta fafutuka a kai tun 1950, Muhammadu Abubakar Rimi kuma ya cika alƙawarin da ya hau mulki a Oktoban 1979, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. An daina kama magidanci don ya kasa biya, an daina sayar da hatsi da kaka a wulaƙance don mai karɓa yana bakin ƙofa. Gaskiya ne kuɗin man fetur ne ya ba da damar yin haka, kuma ƙananan hukumomi sun ƙara dogara da kason tarayya tun daga lokacin. Amma kuɗin da aka bari a hannun manomi da makiyayi a kasuwannin ƙauye ya zagaya.

Hujjojin ɗaya ɓangaren

Mafi ƙarfin abin da ake faɗa shi ne, gwamnatin da za a ba kuɗin wawure shi za ta yi, gara ya zauna a hannun wanda ya iya juya shi. Wannan magana ba ƙarya ba ce, kuma mutumin Doguwa da ya ga rabon ƙaramar hukuma yana shigowa wata-wata alhali asibitinsa babu likita yana da ikon faɗinta. Amma rangwame ba ya maganin sata, sau da yawa ma shi ne ƙofarta. Takardar yafe haraji a ofis ake sa mata hannu, mai kusanci da ofishin ne yake samu, kuma ba ta fitowa a kasafi balle a tambaya. Gwamnatin tarayya da kanta ta dakatar da bayar da hutun harajin sababbin masana'antu a 2015 saboda yadda aka yi ta rabon sa, har ga kamfanonin mai, ba ta dawo da shi ba sai 2017. Bugu da ƙari, gwamnatin da take rayuwa da kuɗin mai ba ta jin tsoron kowa. Ranar da manyan 'yan kasuwar Kano suka fara biyan haraji mai zafi daga aljihunsu, ranar za a sami masu murya da za su tambayi inda kuɗin ya tafi.

Ana kuma kafa hujja da Ibn Khaldun, wanda Reagan da kansa ya ambata a 1981, cewa haraji kaɗan yana tara kuɗi da yawa, mai yawa kuma yana kashe himma. Abin da ya bayyana a littafinsa Muƙaddima gaskiya ne, amma a kan manoma da 'yan kasuwa da masu sana'a yake magana, waɗanda fada take tatsa don ta ci gaba da almubazzaranci. Irin wannan ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soka a Kitabul Farƙ, inda ya lissafa jangali da karɓe-karɓen kasuwa cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Wanda wannan hujja take karewa a yau shi ne mai ɗauko buhunan masara daga Doguwa zuwa Dawanau yana biya a kowane shinge. Harajin kashi 83 na Birtaniyar 1979 yana iya kashe himma. Kashi 24 da dokar Najeriya ta daɗe tana nema daga mai babban samu, wanda sabuwar doka ta mai da 25, bai kama ƙafar wannan ba.

Tsarin zakka ma, wanda jama'armu suka fi sani, ya bambanta dukiyar da ke aiki da wadda ke kwance. Kuɗin da ya kai nisabi ya shekara ana fitar masa da kashi biyu da rabi cikin ɗari, ko an juya shi ko ba a juya ba, don haka mai ajiya yana ganin dukiyarsa tana raguwa idan bai sa ta a kasuwa ba. Kayan aikin sana'a kuwa ba a fitar musu. Wannan shi ne bambancin da binciken zamani ya dawo ya tabbatar: sauƙin da aka ɗaure da injin da aka girka da ma'aikacin da aka ɗauka yana iya yin amfani, wanda aka bayar a kan riba ko dukiya tsagwaronta ba ya yi. Dokokin 2025 sun matsa ta wannan fuska, tunda sun yafe haraji a kan naira 800,000 ta farko ta samun mutum a shekara, sun kuma maye gurbin tsohon hutun haraji da rangwamen da ake lissafawa a kan jarin da aka kashe a zahiri. Ko za su yi aiki ya danganta da ko za a karɓa daga waɗanda ba a saba karɓa a wurinsu ba.

Ma'adinan Riruwai suna nan, duniya kuma ta sake buƙatar kuza saboda kayan lantarki, don haka masu lasisi ba za su daina zuwa ba. Kundin tsarin mulki ya sa ma'adinai a hannun tarayya, amma dokar 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Ina kira ga 'yan majalisar da suke wakiltar Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji, da gwamnatin jihar Kano, da masarauta, su nemi a bayyana wa jama'a sunan duk mai lasisi a Riruwai, da abin da aka yafe masa, da abin da ya biya, da yawan 'yan yankin da ya ɗauka aiki, da abin da ya sa wa hannu a yarjejeniyarsa. Wanda bai cika sharaɗi ba a janye masa rangwamen, ya biya harajinsa cif kamar yadda malamin makaranta yake biya.